Yadda Ake Gano Abinci Mai Kyau a Birnin Kano

Kowane abinci a birnin Kano yana da lokacinsa, yana da unguwarsa, yana kuma da mutanen da suka gaji yin sa. Mai neman abinci mai kyau, baƙo ne ko ɗan gari, waɗannan abubuwa uku zai fara sani. Girman allo da fentin bango da sanyin ɗaki ba sa faɗin komai game da abin da ke cikin tukunya, domin da yawa daga cikin gwanayen girki na birnin ba su taɓa kafa allo ba.

Matakin farko shi ne mutum ya tsayar da abin da yake so, sannan ya san sa'ar da ake samunsa da zafinsa. Koko da ƙosai da waina na sassafe ne, daga bayan sallar asuba zuwa hantsi. Wanda ya je wurin mai waina da ƙarfe goma sha ɗaya ragowa zai tarar, ta huce ta yi tauri, kuma zai yi wa mai ita hukuncin da bai dace da ita ba. Ɗanwake da gurasa da garau-garau, wato shinkafa da wake da mai da yaji, daga hantsi zuwa azahar suke tashe. Fura da nono ta tsakar rana ce. Tsire da balangu sai bayan la'asar, lokacin da mahauta suka hura wuta a tukuba, kuma naman da aka fara saukewa kafin magariba ya fi wanda aka yi ta ɗumamawa har tsakar dare. Tuwo kuwa, a yawancin gidajen abinci sau biyu ake tuƙa shi, da rana da kuma dare, saboda haka a tambayi lokacin da ake kwashewa a zo daidai da shi.

Mataki na biyu shi ne sanin yadda birnin ya kasu ta fuskar abinci. Cikin gari, wato unguwannin da ke cikin ganuwa, nan ne gidan abincin gado. Gurasa ta yi suna a Jakara da kewayenta, inda mata ke gasa ta a tanderu a cikin gidaje, 'yan talla su ɗauka su bazu cikin birni. Kilishi kuma Agadasawa aka sani da shi. A kusa da su akwai Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, da Kasuwar Rimi, inda ake samun kayan ƙamshi irin su citta da kanumfari da masoro da kimba, da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Sabon Gari, wanda aka kafa domin baƙi 'yan kudu a farkon ƙarni na 20, shi ne wurin sakwara da miyar agushi da amala da teba, da manja da busasshen kifi da garin rogo na kirki. Musulmin da zai ci abinci a can yana da kyau ya tambayi irin naman da kuma wanda ya yanka, ya kuma lura cewa wasu wuraren suna haɗa abinci da barasa. A Nasarawa da Bompai ake samun gidajen abincin Labanawa da Indiyawa da 'yan Sin, kuma farashinsu ya fi na sauran wurare nesa ba kusa ba. Mai son ɗanyen kaya ya girka da kansa kuwa, hatsi na Dawanau, kayan miya na 'Yankaba, 'ya'yan itace na 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a kan titin Zariya.

Mataki na uku, bayan an san unguwa, sai tambaya, kuma a nan ne mutane da yawa suke kuskure. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san wanda zai tambaya da yadda zai yi tambayar. Waɗanda suka fi kowa sanin wurin abinci su ne masu cin abinci a waje kullum da kuɗin guminsu: direbobin adaidaita sahu, direbobin tasha, teloli, makanikai, 'yan kasuwar Kwari da na Singa da ke wuni a rumfa, da ma'aikatan asibiti masu kwanan aiki. Irin waɗannan ba sa komawa wurin da ya taɓa ɓata musu ciki, ba sa kuma yarda a tsuga musu kuɗi. Idan aka ce wa mutum, "Ina ne gidan abinci mai kyau?" zai dubi tufafin mai tambaya ya nuna masa wuri mafi tsada, don yana ganin abin da ya dace da shi ke nan. Tambayar da ke fitar da gaskiya ita ce, "Malam, don Allah kai a ina kake cin tuwo?" ko kuma, "Baba, wa ya fi iya balangu a nan unguwar?" A ambaci abincin da sunansa. Idan mutum uku da ba su san juna ba suka ambaci wuri ɗaya, to wurin ya cancanci a je. Game da abincin mata kuwa, irin su alkaki da nakiya da dubulan da funkaso da alkubus da sinasir, dattijan mata da masu haɗa garar biki ake tambaya, domin masu yin su a cikin gida suke, sai da aike ake samu.

Mataki na huɗu, idan an isa wurin, kada a yi saurin zama. A ɗan tsaya a gefe na 'yan mintuna a yi kallo. Abu na farko da za a duba shi ne yawan masu saye da irinsu. Wurin da abinci ke ƙarewa kullum ba ya da kwantai, kuma kwantai yana daga cikin abubuwan da ke jawo ciwon cikin da ake ɗauka a waje. Idan aka ga magidanta suna aiko yara da kwanuka daga gida, wannan shaida ce mai ƙarfi, don mutum ba ya kai wa iyalinsa abin da bai yarda da shi ba. Sai a dubi ruwan wanke-wanke: baho ɗaya ne da ake ta tsoma kwanuka har ya yi kauri, ko akwai na sabulu da na ɗauraya ana sauyawa? A dubi hannun mai zubawa, ko shi ne yake karɓar kuɗi ya koma ya damƙi nama. A dubi man suya, in ya yi baƙi yana kumfa yana hayaƙi, ya daɗe a kasko. A dubi murfin tukwane da ƙudaje da kwata, a kuma ga ko an tanadi buta da sabulun wanke hannu. A babban gidan abinci inda ba a ganin madafa, bayan gida ake dubawa, domin mai wurin da ya bar inda baƙi ke gani da ƙazanta ba zai tsabtace inda ba sa gani ba.

Zafin abinci ma abin lura ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a abincin da zafinsa ke tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, kuma bai kamata dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba tare da wuta ko firji ba. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, wannan gargaɗi ba na wasa ba ne. Miyar da ke tururi a kan murhu ta fi wadda ke cikin kula tun safe aminci. Da damina, lokacin da amai da gudawa ke yawaita, a yi taka-tsantsan da ɗanyen ganye da latas da kabeji da ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba. Haka nan zoɓo da lemon ƙulli: a watan Maris na 2021 mutane da dama sun kwanta a asibitocin Kano, wasu suka rasu, bayan shan abin sha da aka haɗa da gurɓataccen garin ɗan tsami.

Mataki na biyar shi ne gwaji. A zuwan farko a sayi kaɗan, kuma a zaɓi abu mafi sauƙi, domin a nan ake gane hannun mai girki. Naman kaza da yawan mai suna rufe aibi, amma miyar kuka ba ta da abin ɓuya: ko dai an kaɗa ta ta yi sumul, daddawa ta ji daka, ko kuma ta yi gudaji tana ɗaci. Tuwon shinkafa mai kyau yana da laushi da danƙo, ba ya kama hannu, ba a jin tsaba a ciki. Waina ta gari gefenta a soye yake, cikinta da ƙofofi, tsaminta kaɗan, ba ta sha mai ba. Ɗanwake in kanwa ta yi masa yawa yakan yi duhu ya yi bauri. A wurin mai nama, al'ada ta ba mai saye damar karɓar ɗanɗano, sai a karɓa a tauna ba tare da yaji ba. Nama mai kyau yana da daɗinsa tun kafin a barbaɗa masa komai, kuma mahaucin da ya cika yaji da albasa tun ba a nema ba, a bincika naman nasa. Kada a yanke hukunci da zuwa ɗaya. A sake komawa a wata rana da wani lokaci daban, don gwanin gaske shi ne wanda girkinsa na Talata da na Asabar ɗaya ne.

Kayan tsaraba da na ajiya suna da nasu ƙa'idojin, kuma a nan algus ya fi yawa. Kilishi ana yanka nama ne falle-falle, a shanya, a tsoma a haɗin tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, sannan a nuna masa wuta. Mai kyau yakan bushe sarai, ya karye ba tare da wahala ba, kuma in an ɗaga shi ana ganin zaren nama. Wanda tunkuza ta fi nama yawa yakan yi nauyi ya riƙa zuba, wanda bai bushe ba kuma yakan yi fumfuna cikin 'yan kwanaki, musamman in an ƙulle shi a leda da ɗuminsa. Jan da ya wuce kima kala ce aka zuba. Gurasa a saye ta a ranar da aka gasa, in za a yi bandashe ne a sa a haɗa a gaban mai saye, ya ga ƙuli-ƙulin da man da aka zuba. Man shanu na gaske ƙamshinsa yake bayyana shi idan aka soya shi da albasa, wanda aka gauraya da kitse kuwa yakan daskare a dasashi. Nono a nemi kindirmo, a ɗanɗana kafin a dama, don akan tsinka shi da ruwa a ƙara masa kauri da gari. Zuma ita ce ta fi wuyar ganewa. Gwaje-gwajen da ake yi da ashana ko da ɗigawa a ruwa ba su da tabbas, abin da ya fi shi ne a saya da saƙarta, ko daga hannun wanda aka san yana da amya. Manjan da ya yi ja fiye da kima yana rina yatsa, da mangwaro ko ayabar da ta nuna a baya cikinta da gauɗa, duk a bar su, domin hukumar NAFDAC ta sha jan kunne a kan rina manja da kuma nunar da 'ya'yan itace da kabayid. Duk abin da aka ƙunshe a kwalba ko leda ta kamfani a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa.

A 'yan shekarun nan mata da yawa a Kano suna girki a gida suna tallatawa ta Instagram da WhatsApp da Facebook, kuma a cikinsu akwai gwanaye na gaske, musamman a dambun nama da kayan gara da abincin taro. Hoto dai ba shaida ba ne. A nemi wanda ya taɓa saye ya ci, a fara da ƙaramin oda, a yi magana a kan kuɗin kaiwa tun farko, kuma kada a tura kuɗin abincin biki gaba ɗaya ga wadda ba a taɓa gwadawa ba. Taswirar Google tana taimakawa wurin gano manyan gidajen abinci da lokacin buɗewarsu, amma mai waina ta lungu da mai tukuba ba sa cikinta.

Batun kuɗi a yi shi kafin a ci. A wurin mai tuwo da mai nama a faɗi na nawa ake so, a gidan da ke da takardar farashi a tambaya ko akwai ƙarin haraji ko kuɗin hidima. A kasuwa ana tayi, amma ba a tayin dafaffen abinci. Araha ba ta ado, kuma naman da farashinsa ya faɗi ƙasa da na abbatuwa akwai dalilin faɗuwarsa.

Mataki na ƙarshe shi ne riƙe wurin da aka samu. A gaisa da mai abinci da ladabi, a kira ta Hajiya ko Inna ko Baba gwargwadon shekarunta, a san sunan yaron shago, a biya ba tare da ja-in-ja ba. Kwastoman da aka saba da shi shi ake ajiye wa tsoka mai kyau, shi ake yi wa gyara, shi ake gaya wa cewa miyar yau ta jiya ce, ya jira sabuwa. In an ga canji a faɗa mata a keɓe, ba a gaban mutane ba. In kuwa an ga abin da zai cutar da jama'a, kamar ruɓaɓɓen nama ko kayan da wa'adinsu ya wuce, a sanar da duba-gari na ƙaramar hukuma ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta jiha. A kuma tuna cewa da azumi jadawalin duka yana juyawa: yawancin masu abincin rana suna rufewa, masu ƙosai da kunun tsamiya da kunun gyaɗa suna fitowa bayan la'asar, masu shayi da masu tuwo kuma suna kaiwa har lokacin sahur.