Mariƙin Sandar Fatsa: Me Ya Sa Yake Ɓarɓashewa?

Tambaya: Ni kafinta ne. Wani ya ba ni aikin mariƙin sandar fatsa irin ta Turawa, da kok, ɓawon itacen nan da ake toshe bakin kwalba da shi. Da na ɗora a injin juyi na kai masa cizal, sai ya yi ta ɓarɓashewa. Ina mafita?

Amsa: Malam, ajiye cizal ɗin nan. Kok ɓawo ne mai laushi, ba katako ba. Ƙarfe yagarsa yake yi. Samfefa ce maganinsa.

Yawanci zobe-zobe ake sayar da shi, kowanne kaurin rabin inci. Jera su a tsinken ƙarfe da ka goga wa kyandir, kada gam ya kama shi. Shafa gam marar jin ruwa kaɗan-kaɗan, ka matse, ya kwana. Idan gam ya yi yawa, zai bar layuka masu tauri da za su tsaya tudu-tudu bayan kok ya cinye.

Fara da samfefa mai lamba 80, nannaɗe a guntun katako, ka bi 150 da 220, ka gama da 400. Hannu sama-sama, don abin da ya cinye ba ya dawowa. Kuma a rufe hanci, ƙurarsa ba daɗi.

Ramukan da za ka gani halittarsa ce. Kwaɓa garinsa da gam ka cike. Ramin tsakiya kuwa, buɗa shi da magagari mai tsini har ya zauna daram a sandar.

Kada tsadarsa ta ba ka mamaki. A Fotugal, inda aka fi samunsa, sai bishiya ta kai shekara 25 ake fara ɓare ta, sannan duk bayan shekara 9.