Nasiha ga 'Ya'yanmu Masu Zane a Doha: Ku Saki Hannu da Allin Maiko

'Ya'yana, maza da mata, ku da kuke karatu ko neman halaliyarku a birnin Doha.

Labari yana iso mu cewa a cikinku akwai waɗanda suka fara taɓa zane a lokacin hutunsu, kuma da yawa da allin nan mai maiko da ake kira fastel suka fara. Dalilin a fili yake. Ba ya son buroshi, ba ya son ruwa, ba shi da warin da zai dami abokin kwananka, kuma kwalinsa yana shiga aljihun jaka. Wanda yake zaune ɗaki ɗaya da mutum uku ko huɗu ba shi da filin baza gwangwanayen fenti. Na daɗe ina koyar da zane a makarantun Arewa, kuma abin da na fi gani yana kashe hannun yaro shi ne tsoron ɓata takarda. A kan wannan tsoron nake so mu yi magana.

Ku fara sanin asalin abin da ke hannunku. A Japan aka ƙirƙiro shi, a birnin Osaka, inda kamfanin Sakura ya fito da Cray-Pas a 1925. Don yaran makaranta aka yi shi. A lokacin akwai wani mai zane, Kanae Yamamoto, da ya dage cewa a daina tilasta wa yara kwafar hotunan littafi, a bar su su zana abin da idonsu ya gani. Sai aka nemi abin zanen da zai yi laushi a hannun yaro, ya ba da launi mai ƙarfi, kuma ba zai riƙa zubar da gari ba. Daga baya, a 1949, Henri Sennelier na birnin Paris ya haɗa irin na ƙwararru, bayan mai zane Henri Goetz ya kai masa buƙatar abokinsa Picasso, wanda yake son abin da zai zana da shi a kan katako, kwali ko ƙarfe ba tare da wani dogon shiri ba. To kun gani, yaro mai wasa da dattijon da ya ƙi zama wuri ɗaya su ne suka sa aka yi shi. Wanda ya riƙe shi yana ɗari-ɗari bai fahimce shi ba.

Garin launi ne aka kwaɓa da kakin zuma ko makamancinsa, da wani mai wanda ba ya bushewa. Duk halinsa daga nan ya fito. Zanen da ka yi yau, baɗi ma in ka goga yatsa zai biyo ka. Zafi yana sa shi laushi, sanyi yana sa shi tauri. Ku da ke Doha sai ku kula da wannan fiye da kowa, domin a watannin Yuni zuwa Agusta zafi yana wuce digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Kwalin da aka manta a mota da azahar, kafin la'asar ya koma dunƙule. Amma mai lura yana iya mayar da zafin nan ɗan aikinsa. Ka riƙe allin a tafin hannu ya ɗumama, sai ya shimfiɗu kamar man shanu, ya cika ramukan takarda. In kana son siririn layi, ka sa shi a firji na ɗan lokaci, ko ka zauna kusa da na'urar sanyaya ɗaki. In launi ya yi kauri har ya ƙi karɓar wani a kansa, ka ajiye zanen ya huce, gobe zai karɓa.

Sai ƙura. Idan iskar shamal ta taso daga arewa maso yamma, ba inda ƙurarta ba ta shiga, kuma tana manne wa zanen maiko ba ta fita. Ku riƙa sa takarda mai santsi tsakanin zane da zane. Wanda kuke so ku rataye, a sa shi a gilashi, a bar 'yar tazara kada gilashin ya taɓa launin.

Yanzu ga abin da nake roƙon ku. Ku ware littafi guda wanda ba za ku nuna wa kowa ba, ba kuma za ku ɗora shi a Instagram ba, ku yi ta ɓarna a ciki. Ku shafa ruwan ɗorawa da ja da ruwan goro, ku rufe su ruf da baƙi ko shuɗi mai duhu, sannan ku ɗauki tsinken sakace ko bakin makulli ku karce, ku ga yadda hasken ƙasa yake ɓullowa. Wanda ya taɓa zama gefen mai zanen ƙwarya a kasuwa ya san wannan aikin tun kafin ya ji sunansa a aji. Ku gauraya launi biyu da yatsa, ku sake gauraya su da auduga, ku sake da farin allin a kansu, za ku ga sakamako uku daban. Ku ɗiga ɗan man jarirai a tsinken auduga ku goga, launin zai narke ya zama kamar fenti, sai dai siririyar takarda za ta sha man ta yi tabo, wannan ma darasi ne. Ku zana da farin alli a farar takarda, ku bi da fentin ruwa a kai, maikon zai ƙi ruwan, zanen da ba a gani ya bayyana. Ku gwada kwalin da aka jefar a bakin kanti, da takardar siminti, da sanfefa, da baƙar takarda. A gefen kowane gwaji ku rubuta abin da kuka yi da ranar da kuka yi shi, don mantuwa ba ta da alƙawari.

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, kuma a nan akwai gaskiya a ciki. Na 'yan makaranta kakinsa ya fi launinsa yawa, shi ya sa yake yin fari-fari, wasu launukan kuma suna kodewa in sun sha haske. Amma kada wannan ya sa ku zauna jiran ranar da za ku sayi babban akwatin Sennelier. Ku cinye mai arahar tukuna. In hannu ya faɗa, ku sayi mai tsadar ɗai-ɗai, ku fara da fari, don shi ne yake riga kowa ƙarewa.

In zuciya ta ce muku kayan aiki ne suka hana ku, ku tuna da Ibrahim El-Salahi, mutumin Sudan, wanda ya zauna a garin nan da kuke. An haife shi a Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo ne, ya yi karatun zane a Landan, kuma a farkon shekarun 1960 an baje ayyukansa a cibiyar masu fasaha ta Mbari da ke Ibadan. A 1975 gwamnatin shugaban Sudan Numeiri ta kulle shi a kurkukun Kober wata shida ba tare da shari'a ba. A can ya riƙa zane a kan guntayen takardar siminti da ɗan guntun fensir, yana binne su a yashi in masu gadi sun taho. Da ya fito ya koma Doha, ya yi shekaru yana aiki a ma'aikatar yaɗa labarai, yana zane da alƙalami da baƙar tawada bayan an tashi daga ofis. A 2013 Tate Modern ta Landan ta shirya baje kolin ayyukan rayuwarsa. Da tsufa ya zo da ciwon baya, sai ya koma zane a kan kwalayen magungunan da yake sha. Ni dai ban ga uzurin da ya rage wa mai kwalin launi 24 ba.

Kuma Allah ya ajiye ku inda ido zai ƙoshi. Gidan kayan tarihin Musulunci da ke bakin teku, wanda I. M. Pei ya tsara aka buɗe a 2008, yana cike da rubutun Alƙur'ani na dā, da tangaran da darduma. Mathaf, gidan zanen zamani na Larabawa da aka buɗe a 2010 a unguwar jami'o'i, yana da ayyukan Jassim Zaini, ɗaya daga cikin waɗanda suka buɗe wa Ƙatar ƙofar zanen zamani. A nan ne aka baje aikin El Anatsui a 2019, mutumin Gana da ya koyar a Nsukka, wanda yake ɗinke marafan kwalba su zama kamar ƙaton mayafi. Akwai kuma tsohon ofishin 'yan kwana-kwana da aka mayar wurin masu zane, Fire Station, inda ake ba waɗanda aka zaɓa ɗakin aiki na wata tara. Ku je ku gani. Amma ku tafi da ɗan littafi da fensir, ku tsaya gaban aiki guda ku daɗe. Yawancin masu zuwa hoto kawai suke ɗauka da waya su wuce, wannan kuwa ba ya shiga hannu.

Daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da gari ya yi sanyi, ku fita waje. Ga jiragen katako a bakin Corniche, ga tsibin kayan ƙamshi a Souq Waqif, ga hasumiyoyin tattabaru a Katara. Ku lura da hasken Doha da kyau, fari ne mai hazo, ba irin jan hasken Katsina da yamma ba, kuma in kuka zuba masa launin da kuka saba sai zanen ya yi ƙarya. Kada ku kafe mutum da ido kuna zana shi ba da izninsa ba, musamman mata, don mutanen ƙasar ba sa wasa da wannan, kuma ku baƙi ne.

Na san wasunku suna da damuwa game da zana abu mai rai. Damuwa ce ta gaskiya, malamai sun yi magana a kanta, kuma ni ba malami ba ne. Ku tambayi wanda kuka amince da iliminsa. Abin da zan ce kawai shi ne, ko da mutum ya tsaya a gini, da teku, da tsiro, da zayyana, aikin da ke gabansa ya fi ƙarfin shekarunsa. Iyayenmu magina a Zariya da Kano sun ƙawata bangaye da dagi da sauran zane-zane, masu zayyanar allo sun yi nasu, masu ɗinkin aska takwas sun yi nasu. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a kan cewa za su ɗauki dabarar Bature su haɗa da gadon gidajensu. Kowannensu ya koma ya tono na garinsu. Namu na Hausa har yanzu ba a tono rabinsa ba, kuma dabarar karce da na faɗa muku tana karɓar zanen dagi ƙwarai.

In za ku zo gida hutu, ku sa kwali biyu ko uku na mai arahar a cikin tsaraba, ku kai wa yaran firamaren unguwarku, ku zauna da su ko na yini ɗaya ne ku nuna musu yadda ake karcewa. Ku sa allin a jakar hannu, kada ya kwana a but ɗin mota a hanyar Kano.

Allah ya yi muku albarka, ya dawo mana da ku lafiya.