Sauya Faifan Ajiya a Rumbun Bayanai na Gida: Matakai da Haɗurra

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake sauya faifan ajiya da ya gaza a rumbun bayanai na gida, wato na'urar da aka fi sani da NAS. An nuna cewa lokaci mafi haɗari shi ne bayan sanya sabon faifai, sa'ad da na'urar ke sake gina bayanai.

1.0 Gabatarwa

Rumbun bayanai na gida ƙaramar kwamfuta ce mai ɗauke da faya-fayai biyu ko fiye, wadda iyali ko ƙaramin ofis ke adana hotuna da takardu a cikinta. Galibi akan haɗa faya-fayan bisa tsarin RAID, wanda David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley suka fayyace a shekarar 1988. A RAID 1, kowane faifai kwafin ɗan'uwansa ne. RAID 5 yana jure mutuwar faifai ɗaya, RAID 6 kuwa yana jure mutuwar biyu. Da zarar an wuce wannan iyaka, bayanan sun salwanta.

2.0 Alamomin Gazawa

Faifai yana lura da lafiyar kansa ta hanyar fasahar SMART. Ma'auni biyu ne suka fi jan hankali: lamba 5, mai ƙirga guraben da suka lalace aka musanya su da na ko-ta-kwana, da lamba 197, mai ƙirga guraben da aka kasa karantawa. Idan waɗannan alƙaluma suna hauhawa, ko faifai ya fara ƙwanƙwasa, lokacin sauya shi ya yi. Sai dai wani faifan kan mutu ba tare da wata alama ba.

3.0 Zaɓen Sabon Faifai

Wajibi ne girman sabon faifai ya kai na tsohon ko ya fi shi. Haka kuma akwai bambanci tsakanin fasahar CMR da ta SMR. A SMR, layukan rubutu suna hawa kan juna domin ƙara yawan abin da faifai zai ɗauka, wanda ke sa saurinsa ya ragu matuƙa idan aka daɗe ana rubutu. Saboda haka CMR ya fi dacewa da aikin sake gini.

4.0 Matakan Sauyawa

Mataki na farko shi ne kwafe muhimman bayanai zuwa wani wuri dabam. Na biyu, a rubuta lambar shaidar faifan da ya gaza daga shafin kula da na'urar, a gwada ta da wadda ke jikin faifan. Wannan yana da muhimmanci, domin cire lafiyayyen faifai bisa kuskure daga RAID 5 da ya riga ya rasa ɗaya yana iya durƙusar da tsarin baki ɗaya. Na uku, a kashe na'urar, sai fa idan tana cikin waɗanda aka ƙera su don sauya faifai suna kunne. Na huɗu, a sanya sabon faifan, a ba da umurnin gyara.

5.0 Haɗarin Sake Gini

Faifai mai terabayit 8 da ake rubuta masa megabayit 150 a daƙiƙa zai buƙaci kusan awa 15 kafin ya cika, kuma aikin kan wuce haka idan ana amfani da na'urar. A tsawon wannan lokaci ana karanta sauran faya-fayan tun daga farko har ƙarshe. Da yake galibi tare aka saye su, tare suka tsufa, wannan wahala tana iya fallasa raunin wani daga cikinsu. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, ya kamata a haɗa na'urar da batirin UPS kafin a fara.

6.0 Kammalawa

RAID yana kare mai shi daga mutuwar faifai kaɗai. Ba ya maganin gobara ko sata ko goge fayil bisa kuskure. Don haka masana ke ba da shawarar ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen gida. Shi kuwa tsohon faifan, a goge shi sarai ko a farfasa shi kafin a yar, domin sirrin iyali yana nan a cikinsa.