DARASI DAGA DARDUMAR FARISA: ARAHA BA TA ADO



A wasu gidaje na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, akan tarar da tsohuwar darduma a turakar maigida ko a ɗakin kaka, wadda wani Alhaji ya kawo tsaraba tun da daɗewa. An haifi 'ya'ya, an aurar da su, tana nan daram. Amma kafet ɗin da aka ci bashi aka shimfiɗa wa amarya bara, bana har ya koɗe, yana zubar da gashi. Me ya kawo haka? Don gano amsa, darasinmu na yau zai duba dardumar da ta fi kowace suna, wato ta ƙasar Farisa, wadda yanzu ake kira Iran.

Yadda ake saƙa ta

Aikin hannu ne zalla. Ana ɗaura zaren tsaye, galibi na auduga, a katakon saƙa. Sai a riƙa ƙulla ulu, wato gashin tumaki, ƙulli ɗaya bayan ɗaya. In layi ya cika, a gitta zare, a danne shi da ƙarfe mai haƙora kamar matsefi. Launin kuwa daga tsirrai yake: shuɗi daga baba, irin wanda ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata ta Kano, ja daga saiwar da Larabawa ke kira fuwwa, rawaya daga ɓawon rumman.

A yankin Fars, maza ne ke aske tumaki, mata ke kaɗi da saƙa. Zanen yana cikin kansu, uwa ce ke koya wa 'yarta. A 2010 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a, tare da ta garin Kashan, cikin gadon al'adun duniya.

Shaidar ƙarkonta

A 1949 aka tono wata darduma a kabarin da ƙanƙara ta rufe a Pazyryk, ƙasar Rasha. Ta haura shekara 2,000, kuma masana da yawa suna danganta ta da Farisa. Akwai kuma dardumar Ardabil, mai ɗauke da shekarar 946 Hijira (1539 zuwa 1540) da sunan Maƙsud na Kashan. Tsawonta ya ɗara mita 10, ƙullinta kimanin miliyan 26. Tun 1893 tana gidan adana kayan tarihi na Victoria da Albert a Landan. A 2013 kuwa an yi gwanjon wata tsohuwar dardumar Farisa a Amurka kan fiye da dala miliyan 33.

Kin ga ke nan sirrin ba wani ba ne illa kayan aiki na ƙwarai, da haƙuri, da rashin ha'inci a inda ido ba ya gani.

Mu ma muna da namu

Ba na ce ki tasa maigida gaba sai ya sayo ta Farisa ba, don tsadarta ta fi ƙarfinmu. Amma ki tuna ƙasarmu ta yankin Funtuwa ƙasar auduga ce. Kakanninmu sun gurje ta, sun shiɓe, sun yi kaɗi da mazari, sun fitar da zare da abawa, aka saƙa gwado da saƙi da luru. In akwai irinsu a adakar tsohuwarku, kada ki raina, kada ki bari a yi tsumman goge-goge da su. Ki tambaye ta yadda aka yi, ki sa 'yarki ta saurara. Da tsohuwar zuma ake magani.

Yadda za ki gane ta hannu

1. Ki juya bayanta. Ta hannu zanenta ya fito sarai, ƙullin kuma bai daidaita ƙwarai ba. Ta inji layinta cif-cif, wata ma an shafe bayanta da gam.
2. Ki duba geza. A ta hannu, ƙarshen zaren tsaye ne. A ta inji, sau da yawa ɗinka ta aka yi.
3. Ki ƙona ɗan silin gashinta. Ulu yana ƙaurin gashi ya zama toka. Na roba narkewa yake ya dunƙule.

Yadda za ki kula da ita

Ki yi shara ta inda gashin ya kwanta. Ki riƙa juya ta don kada gefe ɗaya ya cinye. Da damina kada ki bar ta kan daɓe mai laima, saboda ruɓewa da gara. In yaro ya yi fitsari, ki tsane nan take, ki kwarara ruwan sanyi har ya fita, ki shanya a inuwa mai iska. Ban da ruwan zafi, ban da bilic. In ajiya ce, ki naɗe ta kamar tabarma, kada ki ninke, kuma ki riƙa fito da ita saboda asu.

Kammalawa

Uwargida, in kin tashi haɗa kayan ɗakin 'yarki, gara kaɗan mai ƙarko da tarin ƙyale-ƙyalen da zai ƙare kafin a gama biyan bashinsa. Abin da duk ya fito daga hannunki kuma, ɗinki ne ko saƙa ko kitso, ki kyautata bayansa kamar gabansa.

Allah ya sa albarka a abin da muka mallaka. Wassalamu alaikum.