Amsoshin Tambayoyinku: Jitar Rakiya a Kiɗan Bulus

Habibu daga Madarunfa, jihar Maraɗi, ya aiko da tambaya: "Ina kaɗa jitar rakiya, amma abokan kiɗa na cewa ina danne mawaƙi. Yaya zan yi?"

Malam Habibu, mun gode. Mai jitar rakiya, aikinsa riƙe kiɗa. A kiɗan bulus na baƙaƙen Amurka sautuka uku ake ta zagayawa, don haka ba a bukatar ka kaɗa tsirkiya shida gaba ɗaya. Biyu ko uku sun isa. Ɗora gefen tafin hannunka a gindin tsirkiyoyin, sautin ya fito gajere, kada ya yi ta amo. Bar wa mai jitar bas ƙasa-ƙasan sauti, kai kuma ka bi bugun mai ganga.

Mawaƙi na rerawa, ka sassauta. In ya ja numfashi, ka ɗan amsa masa, kamar yadda kalangu ke bin Mamman Shata.

Ka saurari ƙungiyar Mdou Moctar, ɗan Nijar ɗinmu, ka kasa kunne ga jita ta biyu. Rage ƙarar lasifikarka tukuna, Malam Habibu, sannan ka gwada a atisaye na gaba.