Magani da Wutar Lantarki: Ranar Farko ta Ɗalibar Jinya

Ɗalibar jinya takan shiga ɗakin da ake yi wa masu taɓin hankali magani da lantarki gabanta na faɗuwa, tana zaton azaba za ta gani. Tsoron yana da asali, domin lokacin da Cerletti da Bini suka fara wannan aiki a birnin Rum cikin 1938, majiyyaci idonsa biyu ake yi masa.

Yau kuwa sai an yi masa allurar barci, a bi da wadda ke sakin tsokoki, a sa masa roba tsakanin haƙora. Sannan likita ya ɗora ƙarafa biyu a kansa, ya saki wuta ta 'yan sakan kaɗan. Wannan kan tayar da jijjiga irin ta farfaɗiya a ƙwaƙwalwa, wadda galibi ba ta kai minti ɗaya. A jiki, sau da yawa yatsun ƙafa kawai za ta ga suna motsi.

Akan yi haka sau 6 zuwa 12, musamman ga wanda matsananciyar damuwa ta hana shi ci da sha. Aikin ɗalibar yakan fara ne in ya farka a ruɗe, yana tambayar inda yake. Mantuwar takan washe cikin makonni, amma wani abin ba ya dawowa.