Neman Tsohon Aboki a Kwanakin Wahala

Ya kai mai karatu, tun shekara ta 2019 'yan bindiga suka watsa ƙauyuka a ƙasar Sabon Birni da Isa, mutane da yawa suka haye Maraɗi. Watakila kai ma ka bar Unguwar Lalle, gonarka ba shuka. Kada ka ce alheri ya ƙare. Duba, cikin masu gudun nan akwai abokin ƙuruciyarka, wanda ya daina gaishe ka ran da ka bi Almasihu. Yau yunwa ɗaya ke damunku.

Sa'ad da Bulus yake ɗaure a Roma, Onisifaras ya neme shi da himma har ya same shi. Tashi ka nemi naka. Kada ka fara da gardamar addini. Tambayi lafiyar iyalinsa, ku raba gero, ko da mudu guda ne.